Sirdin Fata da Farar Shadda

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da sirdin keke ya samo wa ɗan ƙanin mijina mata ba.

Maigidana mutum ne mai taurin kai. Da sirdin kekensa ya lalace, ɗanmu ya sayo masa na roba mai soso, laushi kamar katifa. Ya latsa shi da yatsa, ya taɓe baki. "Wanga na 'yan makaranta ne. In ya sha rana, gasa mutum yake yi." Ya aika Argungu wajen wani baduku aka ɗinko masa na fata. Sirdi ya iso da tauri kamar dutsen niƙa. Ina kallon Malam yana tafiya ƙafafu a ware, in na tambaya ya ce sanyin ƙashi ne.

Sai wani ya gaya masa fata sai ta sha mai take laushi. Ya kwashe mini man shanu ya lafta mata. Na ce, "Malam, bari ta shanye tukuna." Ya ce, "Ke, mi kika sani ga keke?"

Washegari shi zai jagoranci neman auren ɗan ƙaninsa a unguwar Badariya, don shi ne babba. Kuma mun ji ƙishin-ƙishin iyayen yarinyar na jan ƙafa, akwai wani mai nema. Sauran suka shiga keke napep. Malam ya sa farar shadda, ya hau kekensa daga Gwadangaji, rana na dukan ƙeya.

Ƙaninsa ne ya ba ni sauran labarin. Suna shiga zaure ya hango bayan rigar Malam: shatin sirdi ya fito raɗau, rawaya da man shanu, har ɗinkin baduku. Ya raɗa masa. Malam ya yi wuf ya zauna, ya manna baya da bango.

Aka gaisa, aka faɗi abin da ya kawo su. Baffan yarinyar ya ce, "To, mun jiya. Ku tafi, za mu yi shawara." Aka shafa fatiha, kowa ya miƙe. Malam ko motsi.

"Malam, lahiya dai?"

"Lahiya lau. Ni dai ina nan."

Aka kawo fura ya sha, yana nan. Masu gida suka fita suka yi ƙus-ƙus, suka ga dattijo kamar wannan ya kafe, abin kunya ne a sallame shi hannu banza. Suka dawo suka ce, "Mun ba ku." Da baya da baya ya fita, suka ɗauka ladabi ne.

Ya shigo gida yana ƙasaita. "Kin gani? Da na roba ne, da yanzu shawara muke jira." Na ce, "Awo. Ga sabulu can."

Rigar ba ta sake fari ba. Sati bai zagayo ba na ga sirdin roba a kan keken, wai don kada ɗanmu ya ji haushi.

Abin da na koya ke nan: mai taurin kai, kada ki ɓata yawunki a kansa, Allah na iya rufa masa asiri ta inda ba ki zata ba. Ke dai ki ɓoye man shanunki.