Ranar da na riƙe wa ƙofa sheda

Wankan jego ne ya kai ni Manchester, shekarar da 'yata ta yi haihuwar fari. A wani flat suke, sashe ɗaya na gidan bene, a unguwar Ardwick, ita da mijinta likita. Lokacin kowa kukan tsuke bakin aljihu yake, an rage ma'aikata a asibitinsu, hutunsa ya koma sai an roƙa. Da ta yi arba'in aka ba shi Asabar ɗaya tak, ya ce za mu kai jaririya Birmingham wurin yayarsa mu dawo a ranar. Don kada cunkoso ya cinye mana wunin, za mu bi hanyar da ake biya.

Ni da shi gaisuwa ce kawai, ita ma kaina a sunkuye. Haka na tashi na gani a gidanmu, ba a haɗa ido da suruki, balle a jera kafaɗa.

Da safe ya fito da wani ɗan abu fari kamar kwalin ashana, wai shi tag. Ya ce idan aka manna shi a gilashin gaba, bayan madubi, ƙofar karɓar kuɗin hanyar za ta gane motar ta buɗe da kanta. Ni dai ajin ƙarshe na firamare na tsaya, amma na san ƙofa sai da mai gadi. Ya goge gilashin, ya ɓare takardar gam, ya danna. Gilashin ya kwana cikin sanyi, yana ta zufa. Ko titinmu ba mu bari ba abin ya faɗo.

"Doctor, ka iya ɗinke mutum, gam ya gagare ka?" in ji 'yata.

"Ke da kika iya, zo gaba ki riƙe."

"Da wannan ɗinkin a cikina? Ga baby kuma. Umma, sai dai ke."

Na ce ko a bi tsohuwar hanya, ta ce to sai la'asar za mu isa. Na koma gaba na takure jikin ƙofa, na ja mayafi ya rufe mini gefen fuska.

Tun kafin a ce na ɗaga abin, na ɗaga shi na riƙe a jikin gilashi. Ina tafe ina saƙe-saƙe. In na riƙe shi a kife fa? In zufar hannuna ta shiga ciki? In sandar da ke tare ƙofar ta ƙi tashi, motoci suka jeru a bayanmu suna hon, ai na kunyata bawan Allah a gaban Turawa, ni da ko ruwa ban taɓa miƙa masa hannu da hannu ba. Na karanta duk abin da na haddace.

Can sai hanya ta buɗe, ga rumfuna a jere. A wasu layukan mutane na tsayawa suna miƙa hannu ta taga. Namu layin babu kowa, sanda ce kawai a gicciye. Ya rage gudu amma bai tsaya ba. Na danna abin a gilashi har farcena ya yi fari.

Sai ya yi ƙara a tafin hannuna, ɗan siririn kuka kamar na ɗan tsako. Sandar ta miƙe tsaye.

Babu wanda ya leƙo, babu wanda ya tambaye mu daga ina. Abin da ba shi da ido ya gane mu tun daga nesa, ya ba mu hanya. Tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, idan ɗan Adam da aka ba ilimi kaɗan ya yi wannan, ina ga Wanda ya san kowace mota da abin da ke cikin ƙirjin mai tuƙa ta?

"Ikon Allah! Likita, ka gani kuwa?" Maganar ta fita kafin na kama ta, kuma fuskarsa nake kallo.

"Na gani, Umma," ya ce, idonsa a kan hanya, kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

Ban sauke hannu ba, don ban san ko akwai wata ƙofar a gaba ba, kuma ba zan sake tambayarsa ba. Kafaɗata ta yi tsami. Shi ma nauyina ya hana shi magana. Sai da muka shiga unguwar Small Heath a Birmingham, muna wuce shagunan nama, na ji ya yi gyaran murya ya dubi madubi.

"Maman baby, ki ce wa Umma ta huta haka nan. Tun ɗazu aka gama."