A Jirgin Ruwa Ba A Sake Tayi

Ƴan'uwana ɗalibai, ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto wa jaridar makarantarmu. Kun san ni, ko a aji sai an kira sunana sau biyu nake ɗaga kai. Tun da aka koma karatu ba ku gan ni ba, ba ku ji daga gare ni ba. Ina garin Tawa gidan gwaggona, ina murmurewa. An ce bana ma za a zaɓi wasu su tafi bakansi, wato hutun makaranta, Faransa ta jirgin ruwa, yadda aka zaɓe ni da wasu ƴan mata, shi ya sa na kasa yin shiru.

Ranar da zan bar garinmu Bambeye, Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Habsu, ki riƙa kunya. In an yi miki tayi, kak ki zabura. Kar a ce ɗiyar ƙasar Adar kwaɗayi gare ta."

Na riƙe maganarta har Kwatano, a bakin teku. Can aka zaunar da mu cikin wani babban kwando, aka sauke mu a kwalekwale, ya kai mu jirgi. A cikin ƴan matan duka ni kaɗai ce mai jin Hausa.

Jirgi na tashi, jiri ya kama ni, sai amai. Kowa ya yi, amma su sun hau sama sun sha iska, sun warware. Ni na kwanta a ɗakinmu na can ƙasa kusa da inji, mai ƴar taga zagayayya da ba ta buɗewa.

Mai rabon abinci ya shigo da faranti ya ce da Faransanci, "Za ki ci?"

Na ce, "Na gode, na ƙoshi."

Ina jira ya sake tayi. Sai ya ce "To," ya ja ƙofa.

A gidanmu ba haka ake yi ba. Baƙo zai ƙi, a sake, ya ƙi, sai a ajiye masa kwano a fita a ba shi wuri. A jirgi in ka ce a'a, a'a ɗin ke nan.

Ruwan sha ma ban roƙa ba. Na taso inda ake jan guga har hannu ya yi kanta, na ɗauka a tsakiyar teku auna shi ake yi. Ashe ga famfo nan a bayan ƙofarmu.

Sai zazzaɓi ya shigo. Kinin, ƙwayar maganin zazzaɓi da ake ba mu, da na haɗiye yake dawowa. Kowace safiya Madam mai kula da mu takan leƙo ta tambayi jikina, ni kuwa in ce da sauƙi, yadda kowane majinyaci ke faɗi a wurinmu. Ta yi murmushi ta wuce.

A bakin ƙofa aka tsince ni a sume.

Likitan jirgi ya duba harshena, ya soki yatsana ya ɗebi jini. Ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ruwan jikina ya kusa ƙarewa. Ya tambaye ni, "Yarinya, me ya hana ki faɗa?"

A Dakar aka sauke ni aka kai ni asibiti. Ina kwance, kwalbar ƙarin ruwa na rataye a kaina, na ji jirgin ya busa ƙaho. Ya tafi da ƴan matan, ya bar ni.

Da safe ma'aunin zafi a baki, sai allura, sai a canza kwalba. Lokacin ziyara kowane gado da mutanensa, nawa ba kowa. Ba mutuwar kanta na fi tsoro ba. Na fi tsoron a binne ni inda ba wanda ya san sunan babana, Inna kuma ta ji a bakin mai karanta wayar talgiram.

Likitan asibitin ya ce in ban fara ci ba, allura kaɗai ba za ta tashe ni ba. Abincin asibiti kuwa ko warinsa ba na so.

A gadon da ke kusa da ni akwai wata tsohuwa. Ba na jin yarenta, ba ta jin Faransanci. Wata rana ɗiyarta ta kawo mata kunun gero mai kauri da nono a kai. Ta miƙo mini, na girgiza kai. Ta sake miƙowa, na sake girgizawa. Sai ta yi tsaki, ta ɗora kwanon a cinyata, ta danƙa mini cokali, ta juya fuskarta bango.

Na ci ina kuka. Daga ranar na fara zama, har na taka, har aka sallame ni, aka maido ni gida. Faransa dai ban gan ta ba.

To, wadda aka zaɓa bana, don Allah ki saurare ni. In jiri ya kama ki, kada ki ɓuya a ɗaki, ki hau sama ki kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama. Ki riƙa gutsurar busasshen burodi ko ba ki so. Ki sha ruwa kaɗan-kaɗan, ba sayarwa ake yi ba. In kin amayar da kinin, ki faɗa a ranar. Ki nemi ƙawa guda da za ta san in ba ki zo cin abinci ba. In an tambaye ki jiki, ki faɗi inda ke miki ciwo. In an yi miki tayi, ki karɓa tun na farko.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin, da tsohuwar da ko sunanta ban sani ba.

Da na ba Inna labari, sai ta ce, "Ashe akwai inda aka yi ma mutum tayi sau guda." Tun ranar ba ta ƙara tambayata ko zan ci ba, kwano kawai take ajiyewa ta fita.

In ban cika ku da surutu ba, ina roƙon izini in sake rubutowa. Wannan karon ban jira an yi mini tayi ba.

Taku,
Habsatu