Hoton Dammunan Aro

Da kakar bana yayana Malam Haruna, malamin gona, ya cika shekara ashirin da uku da rasuwa. A Safana ya cika, can aka rufe shi, Allah Ya jiƙansa. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda wani baƙo da na yi a zaure makon jiya, wanda ya zo mini da irin buƙatar da aka taɓa zo wa Yaya da ita.

Ni allo na yi, ajami na iya. Yaya shi ya yi boko. Tun muna ƙarƙashin jihar Kaduna aka sa shi cikin waɗanda aka tura koyon noman rani a wata ƙasar 'yan gurguzu, can gabashin duniya. Ya yi kusan shekara, ya dawo da 'yar jaka da tari da labarin mutum guda. In muka tambaye shi kogunan ƙasar, sai zancen ya koma kan shugabansu. In muka tambaye shi abincinsu, haka. Ya ce a can ba a iya ba da labarin komai ba tare da shi ba.

Hotonsa yana kowane ɗaki, har da ƙyalle na musamman da ake goge shi, wanda ba a yarda ya taɓa wani abu ba. A ɗakin da aka sauki Yaya, hoton yana daidai bangon alƙibla. Don haka in zai yi salla sai ya rataya rigarsa a kai. Rana ta uku tafintansa, wani dattijo mai yawan murmushi, ya ja shi gefe ya roƙe shi ya daina, don in aka gani shi tafintan ne zai amsa tambaya. Daga nan Yaya ya koma salla a bayan ɗakin ajiyar taki, cikin sanyi. Can ya samo tarin.

Yaya yakan ce abin bai faɗo daga sama ba, tubali-tubali aka ɗora shi. Rediyon gidajensu tasha ɗaya yake kamawa. Yaro kafin ya ci tuwo sai ya gode wa shugaba, kamar yadda namu ke cewa bisimilla. In shugaba ya ratsa gona ya nuna wani wuri da yatsa, masu littafi suna biye suna rubutawa, gobe a kafa dutse a wurin, jibi jarida ta ce amfanin gonar ya ninka saboda yatsan. In damina ta yi kyau, hikimarsa ce. In ta ƙi, maƙiya ne. Ya ga hoto guda a littafi biyu, tsoho da sabo: a tsohon mutum biyar ne tsaye, a sabon huɗu, inda na biyar yake an dasa itace. Mahaifinmu Malam Isa da ya ji wannan ya yi a'uziyya, ya ce duk wanda aka fara gode wa a kan ruwan sama, an kai shi inda bawa ba ya zama.

Labarin da ya fi ba mu dariya shi ne na gonar gwaji. An kai baƙi su ga albarkar shawarar shugaba, aka nuna musu tulin masara kamar tudu. Turawan da ke cikinsu suka yi ta tafi. Yaya ɗan manomi ne, ya dubi gonar ya dubi tulin, ya san wannan fili ba zai haifi rabin wannan ba. Ya ɗauki goyo biyu, ya ga iri daban-daban, ɗaya ma ta sha ajiya. Jido ta aka yi daga wasu gonaki. Muka yi dariya har da hawaye, muna cewa Allah Ya raba mu da ƙasar da ake aron masara.

Ba a yi shekara huɗu ba fari ya zo, ya haɗu da zamanin tsuke bakin aljihu. Waɗanda suka ga lokacin ba sa buƙatar in tuna musu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. A ƙauyenmu da ke yankin Ruma mata suka koma dafa ganyen tafasa da yaɗiya, dusa ta zama abin ɓoyo. Ana cikin haka aka ce wani babba zai zo duba gonar gwajin da Yaya ke kula da ita, wadda aka shuka da sabon irin da babban ya kawo, har buhunan na ɗauke da hotonsa. Gonar dami tara ta ba da.

Ogan su Yaya ya kira shi ya ce, “Malam Haruna, kai da ka ga duniya, ka san yadda ake tarbar manya. In ya ga dami tara ransa zai ɓaci, ya juya. In ya ga albarka, madatsar ruwan nan da kake ta roƙo ta samu.”

Madatsar ce ta kama Yaya. Shekara da shekaru yana mafarkinta. Ya zo gida ya same ni, domin masu unguwanninmu ba sa karanta boko. Ni na riƙe alƙalami na rubuta wasiƙu bakwai da ajami, na buɗe kowace da sunan Allah, na roƙi a ba da aron dammuna na yini ɗaya. Mutane suka ba da don hannuna suka gani, kuma sun san gidanmu. Wasu irin shukarsu suka ciro daga ƙasan rumbu. Aka jido a kan jakuna da amalanke, aka tula, babba ya zo ya dafa tulin, aka ɗauki hoto, makaɗa suka ce shi ne damina. Washegari kowa ya karɓi nasa, ba wanda ya rasa ko zangarniya.

Bayan mako uku aka fara rabon hatsin agaji. Motoci suka bi ta kan hanya suka wuce mu. Da dattawa suka je tambaya aka nuna musu jarida: ga yankinku nan, kun yi kaka.

Ranar kasuwar Batsari, Baba Maikano, tsohon manomin ƙauyenmu, ya tare Yaya a gaban jama'a da jaridar a hannu. “Haruna ɗan Malam Isa, zo ka nuna mini gonarka,” in ji shi. Ya ɗora yatsa a kan hoton. “Wannan ɗaurin kalgo na Sale ne, bahago ne, ƙullinsa hagu yake kallo. Wannan na igiyar rama daga Yasore ya zo. Wannan mai duhun maiwata ce ta bara waccan. Kai malamin gona, wace gona ce ke haifar maiwar bara waccan?” Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Tsohon ya naɗe jaridar ya miƙa masa. “Hatsin da muka ara maka ka dawo da shi, mun gode. Yunwarmu da ka ɓoye fa, wa zai nuna ta?”

Yaya ya karɓi jaridar. Washegari ya hau babur ya tafi Katsina, daga can ya shiga mota zuwa Kaduna, yana bin ofisoshi yana cewa shi ya shirya ƙaryar. Ko'ina amsa ɗaya: hoto ya riga ya tafi, babba ya riga ya faɗa a rediyo, wa zai ce masa ba haka ba ne? Abin da ya samu shi ne canjin wurin aiki zuwa Safana, da zama a mataki ɗaya har ya ajiye aiki. Madatsa ba a yi ba. A ƙauyenmu gidaje da dama suka tafi cin rani ba su dawo ba, kuma kafin faɗuwar damina mun rufe yara waɗanda har yau ina iya kiran sunayen iyayensu. Rai na Allah ne, na sani. Amma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, mu kuwa furen muka ci a shekarar.

Ya taɓa ce mini, “Ƙanena, a can na ɗauka tsoro ne kaɗai ke gina irin wannan mutum. Ashe har da masu kyakkyawar niyya. Kowa dami ɗaya yake arawa.” Da ciwonsa ya tsananta ya ciro hoton tulin dammunan nan daga gafakarsa, ya sa na rubuta sunan mai kowane dami a bayansa da ajami. Ya ce gaban ya yi ƙarya, bari bayan ya faɗi gaskiya.

Yau ga ni a cikin garin Batsari, shekara huɗu rabona da ƙauye, tun da 'yan bindiga suka tashe mu. Bangon makaranta da na kasuwa da bayan kowace mota hoton wani babba ne, wayar kowa waƙarsa take yi, wai shi ya kawo zaman lafiya. Ban ce ya zama irin na ƙasar gurguzu ba, mu har yanzu muna iya magana a bakin shago. Amma ina ganin tubalin ana ɗora shi.

Baƙon nawa Alhaji Lawal ne, ɗan wani aminina, yanzu yana cikin masu yi wa babban hidima. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, “Baba Malam, yini ɗaya ne kawai. Motoci za su kai ku ƙauye da fartanyu, a ɗauki hoto kuna gona, la'asar a dawo da ku. Da jami'an tsaro, da shinkafa ga kowane gida. In kai ka yi magana kowa zai fito.”

Na ce, “Lawal, in hoton ya fita aka ce mun koma, wa zai ƙara tuna muna nan a raɓe? Wanda ya gani a Kano ya kwaso iyalinsa ya dawo gida, jami'an naka suna nan ranar?” Ya yi dariya ya ce Baba Malam ya cika zurfafa abu. Na shiga ciki na ɗauko hoton, na nuna masa gaba, na juya masa baya. Bai iya ajami ba, sai da na karanta masa. Suna na huɗu na kakansa ne, Sale bahago. Ya daɗe yana kallon ƙullin. Ya tashi ya yi sallama, bai ce ya fasa ba.

Da Yaya yana raye ban san ko zai iya hana motocin tashi ba. Mutanenmu suna jin yunwa, shinkafa kuwa shinkafa ce, ba zan zagi wanda ya hau ba. Yaya bai bar gida mai bene ba, bai bar madatsa ba. Abin da ya bari shi ne idon da ke duba ƙulli kafin ya yaba tuli, da takarda guda mai suna a bayanta. Jibi motocin za su zo. Gobe in Allah Ya kai mu, bayan sallar asuba, zan bi gidajen 'yan ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya da hoton a aljihu. Da wannan hannun na rubuta wasiƙu bakwai, ba zan rubuta ta takwas ba.

Allah Ya gafarta wa Yaya Haruna, Ya yafe mini rabona a cikin tulin.