Rabon Baba Nomau

Baba Nomau ya rasu ranar Talata. Ranar Juma'a aka fasa wa Sale, abokin tsintarmu, kai a kan bolar Baba. Kwana uku! Ko kunya babu.

Kun san shi. Maharbi ne a Dakoro kafin ya zo Hajji ya ƙi komawa. Gwangwani muke tsinta a unguwar Shisha, amma shi farauta yake ce mata. Da sanɗa yake tunkarar bola, kamar za ta gudu.

Zancensa ɗaya, mutanen farko masu farauta da tonon saiwa.

"Ladi, me ya haɗa su yaƙi?"

"Yunwa."

"Ƙarya! Mai yunwa ina ya ga ƙarfin ɗaga kulki? Ranar da aka kashe giwa ake kashe mutum."

"Kana wurin?"

"Kakana yana wurin."

Shi ya raba mana layuka. Ni ya ba ni wanda ko gidan abinci babu. Na ce wannan zalunci ne. Ya ce, "Mafaɗaci nesa da rijiya ake ajiye shi." Wata biyu ban gaishe shi ba.

Babu mai iƙama, takardar zama, a cikinmu. Ihu ɗaya, maƙwabta su kira askar, 'yan sandan nan, sai tarhil, a mayar da kai gida hannu wofi. Ni kuwa marayu huɗu nake ciyarwa. Duk da haka da aka ba mu naman layya, ni da Sale muka riƙe cinya ɗaya, kowa na ja.

Baba ya ce, "Halas, ya isa! Ku kasa shi, rabon daji za a yi."

Ya juya baya. Ana nuna kashi, yana kiran suna. Cinya ta faɗo masa. Shekara uku tana faɗo masa! Sai na lura kullum madubin wata mota yake fuskanta.

"Baba, ka ji tsoron Allah!"

"Maharbi ba ya juya wa nama baya. Yalla, ku haɗu ku zage ni, ya fi ku daki juna."

Muka zage shi kuwa, muna ci muna dariya.

Ranar Juma'ar nan askar suka zo, suka kwashe Sale da mutum biyu. Ni ina can layina, nesa da rijiya.

Allah ya jiƙanka, tsohon mai wayo, ya yafe maka cinyoyin nan. Ni na yafe.

Yana maƙabartar Shara'i. Rami ɗaya, daidai da na kowa, babu mai ja da shi.