Farar Rigar Magini

"Sa hannu kawai za ka yi, Malam, gida ya kammalu," in ji ɗan kwangilar, yana miƙo mini makullai.

An sa ni cikin kwamitin karɓar sabon gidan wani jami'in gwamnati a nan Dutse. Fenti sai ƙyalli yake, amma rufin bai kwanta mini a rai ba. Na ce ya bari sai gobe.

Da yamma na leƙa Limawa gaida Gwaggo, na ba ta labari. Ta yi dariya.

"Farkon zuwan Turawa, hakimi ya sa kakana ya gina wa Bature masauki. A zamaninsu ba a karɓar soro da rani. Ran ruwan farko magini zai sa farar rigarsa, ya zauna a tsakiyar ɗakin har a ɗauke, sannan ya ratsa kasuwa. In rufi ya yi yoyo, jar ƙasa ce za ta gaya wa kowa."

"To Gwaggo, tasa ta ɓaci?"

"Ina fa. Da ita ya ɗaura auren uwata."

Washegari na ce wa ɗan kwangilar mu jira damina, ya zo da farar shaddarsa mu sha shayi a falon. Ya dubi silin, ya dube ni. Yanzu haka ga ma'aikatansa can a sama suna sauya kwano, ni kuwa hankalina kwance.

Na sha karanta dokokin kwangila, ban ga mai kaifin rigar nan ba. Ku a garinku, wa za ku fara ɗinka wa?