Taisiya Mai Karanta Fensir

Taisiya Lukinishna 'yar masunci ce daga wani ƙauye a gaɓar Farin Teku. Tana da shekara goma sha tara ta shigo birni, ta sami aiki a ma'aikatar gyaran jiragen yaƙi masu nitso. Tukunyar nukiliya ke tuƙa waɗannan jirage. In ƙarfinta ya ja baya sai a kawo jirgin, a yanke masa doro, a ɗaga murfin tukunyar, a zare tsofaffin sandunan makamashi ɗaya bayan ɗaya, a zura sababbi. Duk mai shiga wurin yana maƙale da wani ɗan ma'auni a aljihun gaba, wanda suke ce wa fensir, shi ke nuna yawan tururin nukiliyar da jiki ya sha. Taisiya ke zama a ƙofa, ta karɓi fensir, ta karanta, ta rubuta. Wanda ya cika adadinsa na shekara, a janye shi daga aikin.

A ƙofar nan ta san Yefim, wani gajeren mutum mai surutu, cikin masu zare sanduna. Kullum ya miƙo fensir sai ya ce, "Taisiya Lukinishna, duba da kyau, na dahu ko da saura?"

Ita kuwa ta ce, "Kai ko wuni aka yi ana dafa ka ba ka nuna. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Shekara ba ta zagayo ba suka yi aure. Allah bai ba su haihuwa ba, amma sun zauna lafiya a ɗakinsu na hawa na huɗu, ita da gasa burodi mai kifi a ciki, shi da tsokanar maƙwabta.

A shekararsu ta goma sha ɗaya aka kawo wani tsohon jirgi da sandunansa suka cije. Yefim kuwa saura ƙiris adadinsa ya cika. Sai ta ga kwana uku a jere fensirinsa bai motsa ba, alhali na abokan aikinsa na ta hawa. Ranar Lahadi suna cin abincin rana ta ajiye cokali, ta kira shi da sunansa na gida.

"Fima, ina kake ɓoye shi?"

Ya yi dariya. Da ya ga ba wasa a fuskarta ya ce, "Cikin takalmin sanyi, a ɗakin canza kaya."

"Ka haukace ne?"

"Tasya, saurara. Abin da nake yi a minti goma, wani sai ya yi rabin awa yana lalube. In na fita Kondrat za a saka, ga matarsa da tsohon ciki. Sati biyu kawai, mu gama."

Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta rantse gobe za ta kai ƙararsa. Gobe ta yi, ya miƙo fensir yana kashe mata ido, ta rubuta abin da ta gani. Sati biyu ya zama bakwai.

Bayan shekara tara dasashinsa ya fara jini, hawa benen ma sai ya huta sau biyu. A asibiti aka ce ciwon jini ne. Likita ta sa aka kawo takardar aikinsa, ta duba, ta ce, "Bai taɓa wuce ƙa'ida ba. Wannan ba daga tukunya ba ne." Taisiya na kallon rubutun hannunta a takardar.

Da likitar ta fita, Yefim ya kama hannunta. "Kar ki soma, tsohuwa. Babana bai taɓa ganin tukunya ba, a shekaruna ya tafi." Ya rasu da ƙanƙara ta fara narkewa, yana da shekara arba'in da takwas.

Bayan kwana arba'in ta koma wurin likitar, ta faɗa mata komai. Matar ta ce, "Ba mai iya ce miki shi ne, ba kuma mai iya ce miki ba shi ba ne." Da wannan Taisiya ta koma gida.

Ta ƙara shekara goma sha biyu a ƙofar. Ta daina raha. Takan bi maza har ɗakin canza kaya tana zazzage takalma, suna zaginta a bayan ido. Ta sa an janye mutum huɗu, ɗayansu ya daina gaishe ta har ta bar aiki. Kondrat bai san komai ba, kuma ba ta faɗa masa ba. Duk kaka yakan kawo mata buhun dankali daga gonarsa, ya ce, "Taisiya Lukinishna, kin rame fa." Ta ce, "Ajiye a nan, ka gaida gida."

Da ta yi ritaya ta koma ƙauye wurin ƙanwarta. A can ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Ranar jana'iza hanya ta lalace, motar da ta ɗauko mutanen ma'aikata ta maƙale a laka, sai da aka gama binne Taisiya suka iso.