Takardar Sallamar Mohaman Bello

A unguwar Birketiri ta Yawunde ba wanda ke kiransa Mohaman Bello. Haman aka sani, ɗan gajeren mutumin nan mai tsohuwar jakar fata, mijin Kaltuma mai ƙosai. Cikakken sunan yana cikin takardun wani ofishin auna ruwan sama, inda aka ɗauke shi aiki yana saurayi. Aikin kuwa shi ne ya zauna can arewa, ya riƙa duba gwangwanin awo da aka kafa a ƙwanƙolin wani dutse mai tsini kamar haƙorin kare. Mutanen gindin dutsen ba sa hawansa. Awakinsu ma iyakarsu rabi.

Sau ɗaya Haman ya hau. Ya yi kwana biyu yana rarrafe, da ya kai ya leƙa, sai ya hango shaho yana shawagi a ƙarƙashinsa. Nan ya kwanta rub da ciki yana salati. Da ya sauko bai zame ko'ina ba sai Yawunde.

Sai dai bai bar aikin ba. Kowane wata yakan je kasuwar shanu ta Etudi ya tare direbobin da suka sauko daga arewa, ya ce, "An yi ruwa wajenku?" In suka ce an yi, ya rubuta an yi. In suka ce har gada ta karye, ya ƙara sifili. Da hannunsa yake kai rahoton, don haka ma'aikata suka ɗauka masinja ne. Shekara ashirin da biyu suna ce masa ya gaishe da mutumin dutse, shi kuma yana cewa zai ji.

Da shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, suka shigo, aka shiga rage ma'aikata ofis-ofis. Ranar nan shef, shugaban ofishin, ya kira shi, ya miƙa masa ambulan.

"Takardar sallamar Mohaman Bello ce. Doka ta ce a ba shi hannu da hannu a wurin aikinsa, ya sa hannu. Kai kaɗai ka san hanya."

Haman ya karɓa da hannu biyu. A gida Kaltuma ta ajiye matsamin ƙosai ta dube shi.

"Malam, ka miƙa wa kanka a nan tsakar gida mana."

"A wurin aiki aka ce."

"Kai da ba ka taɓa zama a wurin ba?"

"Wancan laifinsa ne. Ni aike aka yi mini."

Ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga nan mota, daga nan ƙafa. Wannan karon kwana huɗu ya yi yana hawa, ambulan a cikin hula, gwiwoyi suna ƙara. A sama ya tarar da gwangwanin ya yi tsatsa, wata tsuntsuwa ta yi sheƙa a ciki tana kwance kan ƙwai. Ya gyara riga, ya yi sallama, ya kira, "Mohaman Bello." Can daga duwatsun da ke fuskantarsa sunan ya dawo. Sau uku yana kira, sau uku ana amsawa. Ya jira har la'asar, ba wanda ya fito, ya mai da takardar cikin hula.

Bayan mako uku ya iso Yawunde ya tarar an garƙame ofishin baki ɗaya. Da ƙyar ya gano shef a kasuwar Mokolo, ya baza takalman gwanjo a kan buhu.

"Ka same shi?" in ji shef.

"Na kira, ya amsa, amma bai fito ba."

Shef ya ɗauki wani takalmi yana gogewa.

"Ashe yana bakin aikinsa. To, in bai sa hannu ba, ba a sallame shi ba. Duk ofishin shi kaɗai ya rage. Ni kuma yanzu ba ni da ikon karɓar takardar nan."

Haman bai ƙara tafiya daidai ba, gwiwoyin sun tafi ke nan. Ya koma zama a bakin kaskon Kaltuma yana naɗe wa masu saye ƙosai. Shef ya riƙa biyowa ran Jumma'a ya ci na alheri, yana neman a sa baki a samar masa ko da gadi ne a ofishin, tunda Haman ya san babban ma'aikacin. Haman yakan ce zai gwada, amma mutumin yana da wuyar gani.